Wasiƙar Ɗan Ruwa

Ku da kuka cika min akwatin saƙo da "ki rabu da shi kawai" da "ai namiji ba ɗan goyo ba ne", duk na gani, na kuma gode. Wata baiwar Allah har cewa ta yi in je a yi min addu'a don an shanye ni. 'Yar'uwa, da kin ga abin da na gani ranar Asabar ɗin nan, da ke ma kin nemi mai tofa miki. Ku gyara zama. In kun ga kuskure a rubutun ku yi min uzuri.

Ga wanda yau ya fara biyo ni: shekarata ashirin da tara, ni ce auta a gidanmu, ina aiki a shagon tabarau. Ni nake gwada wa mutane gilashi, in lanƙwasa musu hannunsa ya zauna daidai a bayan kunne, in ce su karanta min layin ƙasa. Mama ta rasu shekara uku da suka wuce, sai Goggo ƙanwar Baba ta dawo gidan da zama, ita da akwatunanta biyar da bakinta. Yayata ɗaya ce, tana gidan mijinta layi uku daga namu, aikinta duba rubutu a maɗaba'a. Yaya irin mutanen nan ce da ko takardar cefane ka miƙa mata sai ta zaro jan biro ta gyara maka.

Shi kuma wanda nake so yana aiki a jirgin ruwa, irin manyan nan masu hawa goma sha biyu da masu hali suke shiga su yi ta yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan don hutu kawai. Yana ɓangaren kai abinci: farar riga, baƙin wando, faranti shida a hannu ɗaya. Wata tara yake yi a ruwa, wata biyu a gida. Iyayensa sun rasu, kawu ɗaya gare shi, tsoho, ko waya ba ya riƙewa. Goggo ce ta laƙaba masa Ɗan Ruwa da gatse, sunan ya bi shi har ni ma haka na ajiye lambarsa.

"Mutumin da ba shi da adireshi," in ji Goggo, "in ya ɓata miki rai ina za mu kai ƙara? Wurin kifi?"

Soyayya da mutumin jirgi sai mai haƙuri. Intanet ɗin ma'aikata kamar famfon layinmu yake, ran da ya ga dama ya zo. In suna tsakiyar teku rubutu kawai ke wucewa, saƙon murya kuwa sai ya yini yana juyawa. Amma da sun tsaya a gaɓa, da gudu yake sauka da abokan aikinsa su nemi gidan shayi mai intanet kyauta, ya sayi kofi ɗaya ya zauna a kansa awa biyu, ya kira ni in ga fuskarsa. Ni kuma in shige bayan kantar shago in ce wa oga ina lissafa gilasan da suka rage. Akwai wani shafi da ake ganin jiragen duniya a taswira, kullum yana buɗe a kwamfutar shagon, jirginsu wata 'yar koriyar kibiya ce. Na fi sanin inda kibiyar nan take a kan in san inda takalmina yake.

Sannan akwai wasiƙa. Kar ku yi dariya, a wannan zamanin. Duk gaɓar da suka tsaya sai ya sayi kati mai hoton garin, ya rubuta a bayansa, ya sa a ambulan ya aiko akwatin gidan waya da Baba yake riƙe da shi tun yana aiki. Sai ta yi sati biyar ko shida a hanya, labarin da ke ciki na riga na ji shi sau biyu a waya, amma in na buɗe sai na karanta sau goma. Guda ashirin da uku gare ni a kwalin takalmi a ƙarƙashin gado.

Rubutunsa kuwa, Allah ya shirya. Bawan Allahn nan bai taɓa sa wa harafi ƙugiya ba, ko a waya ko a takarda. Ƙ ɗinsa k ce, ɗ ɗinsa d ce. Sai ya rubuto min:

"Yar Gilashi, baki sun cika jirgi yau, kafata ta kumbura."

In ce, "Wane bakin? Na magana ko masu zuwa ziyara?"

Ya ce, "Kin dai gane. Masu cin abinci."

In ce, "Ai duk baki mai cin abinci ne."

Ya turo min fuskar dariya ya ce in ya dawo zai shiga ajin yaƙi da jahilci a wurina. Shekara biyu muna wannan tsokanar bai gyara ba, ni kuma ban gaji ba.

Saƙon muryarsa na ƙarshe ya shigo ran biyu ga watan jiya, da rana, ina tsaka da goge wa wani dattijo gilashi. Daƙiƙa arba'in da ɗaya. Na saurare shi har na haddace. Babu ƙarar faranti a bayansa kamar kullum, babu kiɗan falo, sai wani ƙaho mai kauri da jirgin yake busawa yana tsayawa.

"'Yar Gilashi, hazo ne ya rufe mu tun safe. Ko gaban jirgin ba a gani. Na fito shan iska ne, ni kaɗai ne a nan bayan. Ruwan ya kwanta lumui, ko motsi ba ya yi, ban taɓa ganinsa haka ba. Ɗazu na leƙa ƙasa sai na ga kamar... bari dai, ana kirana. Zan neme ki."

Daga nan shiru. Kwana uku ban damu ba, sun saba in za su tsallaka babban ruwa. A kwana na shida kibiyar ta isa gaɓa, na ga ta tsaya, na zuba wa waya ido tun safe har muka rufe shago, ba kira. A kwana na takwas na sa wa wata mata gilashin mijinta, ta fita ta yi karo da ƙofa. Oga ya ce in tafi gida in huta.

A kwana na tara saƙo ya shigo.

"Ki yi haƙuri da shirun. Aiki ne ya yi yawa, baƙi sun cika ko'ina. Ina lafiya ƙalau."

Na yi ihu a cikin motar haya har direba ya waiwayo. Sai da na karanta sau uku sannan na lura, na rubuta masa da dariyata, "Kai! Yau kuma ƙ ta sami ƙugiya? Wa ya kai ka makaranta ban sani ba?"

Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo. Ta sake ɓacewa. Sai da muka wuce tsayawa biyu sannan amsa ta zo: "Na canja waya ne."

Na yarda. Ni da nake gyara wa jama'a gani, wallahi na yarda.

Tun daga ranar komai ya zama wani iri. Ba kira, wai kyamarar sabuwar wayar ta lalace. Ba saƙon murya, wai mura ta shaƙe shi. Mura har sati shida, jama'a. 'Yar Gilashi ta ɓace, na koma "ke". In na yi tsokana sai ya ce "Allah ya shirye ki", shi ke nan. Saƙo yana shigowa tsaf a kan lokaci ko da kibiyar tana tsakiyar shuɗin taswira, inda a da sai in kwana biyu ina jiran kalma ɗaya. Na tambaya, ya ce an gyara musu intanet.

Wata Laraba na fito aiki da doguwar rigata mai ruwan toka, wadda a da take kama ni a kafaɗa, yanzu tana lilo. Ban ɗauki hoto ba, rabona da tura masa hoto tun da ya fara sanyi da ni. Ina zaune a bayan kanta saƙo ya shigo:

"Ki daina wasa da cin abinci. Kin rame, har ƙashin wuyanki ya fito."

Na ɗaga kai na dubi shagon. Ku san shagon tabarau, madubi ne ta ko'ina, ga ɗaruruwan gilasai jere a bango duk suna kallonka ba ido a ciki. Ba kowa sai ni. Na leƙa titi, mai gyaran takalmi ne kawai a gindin bishiyarsa. Na rubuta, "A ina ka gan ni?"

"Zuciyata ce ta gaya min."

Da na ba Goggo labari, da nufin ta ji tausayina, sai ta tafa hannu ta ce, "Ba na gaya muku ba? Ai ɗan ruwa ba ya buƙatar hoto. Ki dai riƙa rufe randa." Ta yi dariyarta har da tari. Ni ban yi ba. Ranar ko madubin banɗaki ban iya kallo ba.

To ana cikin haka ga maganar Likitan Haƙori. Ɗan ƙawar Goggo ne, asibitinsa yana saman shagonmu. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne, ba ya ɗaga murya, in ya zo gaishe da Baba a ƙasa yake zama, kullum yana ƙamshin maganin kurkure baki. Wata biyar yana jira bai taɓa matsa min ba. Baba ma bai matsa ba, ba halinsa ba ne. Ya dai kira ni falo, ya rage sautin rediyo ya ce, "Auta, ni ba zan zaɓa miki ba. Amma ba a barin mutum a tsaye a ƙofa har abada. Mutanen Likita suna so su zo ranar Lahadi. Ki ba ni amsa ranar Asabar, in ce su zo ko in ba su haƙuri."

Na rubuta wa Ɗan Ruwa duk yadda aka yi. Na ce kalma ɗaya nake so, ya ce in jira, ko shekara nawa ce zan jira. Alamomin nan biyu suka yi shuɗi nan take. Amsa ba ta zo ba sai washegari.

"Na ƙara kwantiragi na shekara biyu. Kada ki jira ni. Likitan mutumin kirki ne, ki amince da shi. Ki yafe min."

Nan na tsaya da ku a wancan karon, nan kuka yi ta zaginsa, ni ma na taya ku. Na yi kuka har idona ya kumbura na ari baƙin gilashi a shago. Yaya ta zo ta zauna a bakin gadona, ta ɗora kaina a cinyarta tana shafa min gashi, ita ma hawaye take yi. Ta ce, "Ki tsane shi, Auta. Ki tsane shi iya ƙarfinki, zai fi miki sauƙi." Na ce a raina, kai, Yaya tana sona.

Ranar Asabar na tashi da shawarata a hannu: zan ce wa Baba su zo. Na yi wanka, na sa shuɗiyar rigar nan mai maɓalli a hannu da farin gyale, har da jan baki, don in nuna wa kaina ban mutu ba. Gidan ya kacame da shiri tun ban ba da amsa ba. Goggo ta sa an sauke labulen falo an wanke, Yaya ta zo tun ƙarfe tara tana goge kofunan gilashin Mama da ba a fito da su sai da dalili. Na ɗauki makullin akwatin gidan waya daga jakata don in mayar wa Baba, tunda ba ni da sauran abin jira. Sai na ce bari dai in leƙa sau ɗaya, kada a bar takardun Baba a ciki.

Hadari ya haɗo, garin ya yi duhu kamar magariba alhali ko sha ɗaya ba ta yi ba. Gidan wayar ba kowa. Dogon lungu ne, akwatunan ƙarfe ƙanana jere dama da hagu har sama, fitila ɗaya tana ƙiftawa. Takun takalmina kawai nake ji. Namu yana layin ƙasa, sai na durƙusa. Makullin ya ƙi juyawa, na jijjiga shi, ƙofar ta buɗe.

Ambulan ɗaya ce a ciki. Tun ban taɓa ta ba na gane rubutun, manyan haruffan nan masu jingina da juna.

Takardar ta yi kumbo-kumbo, irin wadda ta jiƙe sharkaf ta bushe da kanta. Tawadar adireshin ta bazu. Kan sarkin mai hoton wani farin tsuntsu ne, ban san ƙasar ba, ba kuma adireshin mai aikowa. Ma'aikaciyar da ke bayan taga ta leƙo ta ce, "Wannan ta sha ruwa a hanya, haka ta zo mana. Jiya na sa ta, har yatsuna suka yi ɗanɗanon gishiri." Ta koma kan wayarta.

A tsaye na buɗe. Ba kati mai hoto ba ne wannan karon, fallen takarda ne da aka yago daga ɗan littafin da suke rubuta odar abinci.

"Yar Gilashi, ina nan. Wayata ta fada ruwa. Inda nake yanzu babu sabis ko kadan, babu baki ko daya. Sanyi ne kawai. Kwana goma sha biyu ke nan ban ji muryarki ba. Ki ce wa Yaya ta ci gaba da sa wa layina kati kada a rufe shi, yana wurinta. Duk abin da za ki ji kada ki yarda. Ki jira ni, ina hanya."

Babu ƙugiya ko ɗaya. Na bi kalmomin da yatsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai koyon karatu. Na zo kan "babu baki ko daya" na tsaya, na rasa wanne yake nufi, kuma a karon farko ban ji dariya ba.

Sai maganar ta dake ni. Wayarsa ta faɗa ruwa. To da wa nake hira sati shida?

Ban san ya bar layinsa na gida a wurin kowa ba. Ashe kafin ya tafi ya cire shi ya ba Yaya ajiya, don in layi ya daɗe ba a amfani da shi rufewa ake yi, ni kuma ya san ko ɗan kunnena ba na iya riƙewa sati guda. Hirarmu a kan lambar take tafiya ta intanet, ba ta buƙatar layin yana cikin wayar, amma duk wanda layin ke hannunsa zai iya ɗauko hirar ya dawo da ita tasa wayar. Shi ya sa ban taɓa kiran lambar kai tsaye ba, na ɗauka a kashe take.

Ruwan sama ya kama ni a hanya. Na sa wasiƙar a cikin riga na shigo gida a jiƙe. Goggo tana tsakar falo tana ba da umarnin inda za a ja kujera, ta ce, "Amarya da yawo a ruwa? Ko gadon Ɗan Ruwa kika yi?" Na bi ta gefenta. Na hango Yaya a kicin, ta juya baya tana ɗauraye kofuna. Na wuce ɗakinmu na da, ni da ita. Baƙar jakarta tana rataye a bayan ƙofa, gyalenta a kai.

Na rufe ƙofar. Na nemo Ɗan Ruwa a wayata, na danna kira, kira na sosai.

Ta shiga. Wallahi ta shiga.

Sai jakar ta fara kuka a bayana, wata siririyar ƙara, tana gurnani a jikin katakon ƙofa. Ban juya da wuri ba. Na tsaya ina kallon gadon Mama da aka dawo da shi ɗakin, waya a kunnena tana ringin, ƙofa a bayana tana amsawa. Da na zuge jakar, a ƙarƙashin jan bironta da makullan gida, ga wata ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi. A fuskarta an rubuta Auta.

Ƙofar ta buɗe. Yaya ce, kofi ɗaya a hannunta, kumfa har gwiwar hannu. Ta dubi wayar, ta dube ni. Ta tura ƙofar da ƙafa ta ajiye kofin a kan durowa a hankali.

"Yaya," na ce, muryata ba tawa ba, "ke ce kika ce na rame?"

Ta zauna a bakin gado.

"Ke ce kika ce in auri Likita? Da bakinsa? Me na yi miki? Goggo ce ta sa ki?"

"Goggo ba ta sani ba. Babu wanda ya sani, ko mijina." Ta goge hannu a jikin zaninta, ta daɗe tana gogewa bayan ya bushe. "Na gwada in rubuta yadda yake rubutawa, bayan kin yi min tsiyar nan. Hannuna ya ƙi. In na bar harafi ba ƙugiya sai in ji kamar na fita ba ɗankwali."

"Ba wannan na tambaye ki ba!"

"Ki rage murya, Baba yana falo." Ta ɗago, idonta ya kaɗa. "Ran biyar ga watan jiya wayar nan ta yi ƙara ina ofis. Wata mata ce daga kamfanin jirgin, da Turanci. Lambar nan ya rubuta musu a matsayin ta gida, da sunana, ya ce ni yayarsa ce. Ta ce ran biyu ga wata ya fita hutun rana bai dawo bakin aiki ba. Sun bincika jirgin ɗaki-ɗaki. Sun juya da baya sun yi ta zagaye a cikin hazo har washegari. Auta, ba su gan shi ba."

Na dafa durowa, kofin Mama ya girgiza.

"Ba su ce ya mutu ba. Cewa suka yi ba a gan shi ba. Na tambaye ta ko an taɓa samun wanda ya faɗa a irin wurin, sai kawai ta ce za su aiko da kayansa." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Kwana shida ina zuwa gidan nan in gaya miki, in tarar da ke rungume da waya. Ni na ɗauke ki daga ƙasa ran da Mama ta rasu. Ni na yi jinyarki wata biyu ba kya gane mutane. Likitan da ya duba ki a lokacin ya ce kada a sake bari ki shiga irin wannan. Na ce to bari in zame miki shi na ɗan lokaci, in janye shi a hankali, ki ji haushinsa, ki yi aurenki. In kin sami ƙafar tsayawa sai in gaya miki. Wanda ya yaudare ki ana mantawa da shi, Auta. Wanda ruwa ya ci ba a mantawa."

Ina so in mare ta. Ina so in faɗa jikinta. Na rantse muku duk biyun na ji a lokaci ɗaya, kuma ban taɓa tsanar mutum ina tausayinsa haka ba. Sati shida ina jin haushin bawan Allah, har na zage shi, na sa ku ma kuna zaginsa.

Na sa hannu a riga na zaro wasiƙar na jefa mata a cinya. "To wannan fa? Ita ma ke ce?"

Ta ɗauka da yatsa biyu. Na ga idonta na aiki ya dawo, irin kallon da take yi wa shafi kafin a buga. Ta karanta sau ɗaya, leɓenta yana motsi. Ta juya bayan takardar, ta shinshina, ta ɗauki ambulan ta kai kusa da taga.

"Rubutunsa ne," ta ce a hankali. "Wataƙila tun da ya rubuta, abokin ɗakinsa ya tsinta a kayansa ya aiko."

"Karanta layi na huɗu."

Ta karanta. Ta ɗaga hannu ta fara lanƙwasa yatsu daga ran biyu ga wata, uku, huɗu, biyar. Yatsun suka ƙare ta sake farowa. Ta tsaya a sha huɗu. Ta koma kan hatimin gidan waya da ke gefen farin tsuntsun, ta ƙanƙance ido, ni na miƙa mata gilashin karatun Mama da ke kan durowa.

"Sha shida ga wata," ta ce. Ta cire gilashin. "Auta, sati biyu bayan... Wa ya kai ta gidan waya?"

Ruwa yana dukan rufi. Daga wani wuri a ɗakin nake jin ɗigo, ɗis, ɗis, na duba sama ban ga inda yake yoyo ba, sai can na gane daga gefen rigata ne. Yaya ta ajiye wasiƙar a kan gado tsakaninmu, ta ja hannunta baya, ta shiga karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mu duka muka zabura.

"Auta?" Muryar Baba ce. Ya turo ƙofar kaɗan, carbi a hannunsa, hularsa a keya. "Mahaifin Likita ya kira sau biyu. Na ce masa yanzu zan ji daga bakinki. In ce su zo goben?"

Yaya ta kama hannuna ta matse, tana gyaɗa min kai, ido jajir, in ce e. Na zare hannuna.

"Baba, ka ba su haƙuri. Na sami wasiƙa."

Ya dubi takardar da ke kan gado, ya dubi fuskokinmu. Baba mutum ne mai son alheri ga kowa, sai fuskarsa ta saki, har da ɗan murmushi.

"Daga yaron nan na jirgi? Madalla. Ashe yana nan. To Allah ya..." Ya dakata, don ya ga ba wadda ta ɗaga hannu. "Lafiya dai ko?"

Na dubi Yaya, Yaya ta dube ni. Baba yana tsaye a bakin ƙofa yana jira, mu kuma babu wadda ta san yadda za a ƙarasa addu'ar, ko Allah ya dawo da shi lafiya, ko Allah ya jiƙansa.